FILIN MANOMA: Auren Itacen Gyaɗar Ƙamshi

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan yaji ya tare ni da tambaya kwanan baya. Ya ce shekara da shekaru yana auna wa mata gyaɗar ƙamshi, amma bai taɓa ganin uwarta ba, shin a ƙasa ake tono ta kamar gyaɗarmu, ko kuwa yaya? In kuma ya binne ƙwaya ɗaya a bayan gida za ta fito? Na ce masa ya jira amsa a wannan fili, domin akwai abin da manomi zai ƙaru da shi a cikin zancen, ko da ba zai taɓa shuka ta ba.

Da farko dai ba gyaɗa ba ce, sunan kawai ta ara. Ƙwallon ɗan itace ne. Itacen dogo ne mai duhun ganye, ba ya kaɗe ganye rani da damina, yakan kai ƙafa 40 ko fiye. Ɗansa kamar ƙaramin lemo yake, rawaya, in ya nuna sai ya tsage biyu da kansa. A ciki akwai ƙwallo mai baƙin ɓawo, an lulluɓe shi da wata jar riga mai kama da saƙar raga. Ƙwayar da ke cikin ɓawon ita ce gyaɗar ƙamshin da kuka sani. Jar rigar nan kuwa ita ma kayan ƙamshi ce, har ta fi ƙwayar tsada. Larabawa suna kiranta basbasa. Akawun da ya ga sunanta a takardar kaya da Turanci kada ya ruɗe, haruffan daidai suke da na kalmarmu "mace", amma su "mes" suke faɗi. Don kada mu rikice, mu a nan jar riga za mu riƙa ce mata.

Asalin itacen daga tsibiran Banda ne, a ƙasar Indonesiya. Mutanen Holan sun ci tsibiran da yaƙi a 1621, suka hallaka yawancin mutanen wurin don cinikin ya zama nasu su kaɗai. Daga baya iri ya fita, ya bazu. Yanzu Indonesiya da Indiya su ne manyan masu nomansa, sa'an nan akwai Siri Lanka da ɗan tsibirin Giranada, wanda har hoton ɗan itacen ya sa a tutarsa.

Amsar tambaya ta biyu ita ce a'a. Wadda ke kasuwa ta bushe, an kuma fasa ɓawonta, ba ta da sauran rai. Ko ɗanya ce ma ba za ta yi a ƙasar Hausa ba. Itacen yana son ruwan sama inci 60 ko fiye a shekara, da iska mai laima, da inuwa. Kano kuwa ruwanta bai cika wuce inci 35 ba, ga hunturu ga bazara. Saboda haka zancenmu na yau a jihar Kerala za mu yi shi, can kudu maso yammacin Indiya, inda ruwan shekara yake kusan inci 120. Mafi yawan gyaɗar ƙamshin Indiya daga can take fitowa, kuma ba daga manyan gandaye ba. Ƙananan manoma ne, mai eka ɗaya, mai rabin eka, suna dasa ta a tsakanin itatuwan kwakwar Attagara a kewayen gida, musamman a lardunan Ernakulam da Tirishur da Kottayam da Idukki. Garin Kaladi shi ne sanannen wurin cinikinta.

To, ga inda wahalar take. Itacen nan akwai namiji akwai mace, kamar dabino da giginya da gwanda. Macen ce ke 'ya'ya. Namijin fure kaɗai yake yi, ƙananan ƙwari su kwashi garin furensa su kai wa macen. Akan sami ɗaiɗai masu furen iri biyu, amma ba su cika 'ya'ya da yawa ba. Mai gwanda yakan gane namiji cikin 'yan watanni, ya sare, hasararsa kaɗan ce. Mai gyaɗar ƙamshi kuwa in ƙwallo ya shuka, sai ya yi shekara shida ko bakwai, wani lokaci takwas, yana ban ruwa yana zuba taki, kāna itacen ya yi fure ya nuna ko wane ne shi. Duban ganye ko siffar ƙwallo ba ya faɗa wa manomi gaskiya. Kuma abin da aka saba gani shi ne kusan rabi maza ne.

Bari mu yi lissafi, akawuna su duba mini. In an ba kowane itace ƙafa 26 ta kowane gefe, eka ɗaya za ta ɗauki itace 64. A ce 32 suka fito maza. Namiji ɗaya ya ishi mata goma, watau ko da dukan gonar mata ce, maza shida sun wadatar. Ashe itace 26 sun ci taki da ruwa da wuri na shekara bakwai a banza. Mai babban gandu zai iya daurewa. Mai rabin eka, wanda ya dogara ga itatuwan nan don kuɗin makarantar yara da aurar da 'ya, wannan ba ƙaramar karaya ba ce.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Matan da suka fito ma ba ɗaya suke ba. Tun da yake kowane ƙwallo yana da uwa yana da uba, kuma ba ka san uban ba, sai ka ga 'ya'yan uwa ɗaya sun bambanta, wata ta yi 'ya'ya dubbai, wata ɗari biyu da ƙyar, wata ƙwayarta manya, wata ƙanana kamar gurjiya. Wanda ya taɓa shuka ƙwallon mangwaro mai daɗi ya sami mai tsami da zare ya san wannan.

Maganin duka biyu shi ne aure, irin wanda masu lambu suke yi wa mangwaro da lemo a nan. A ɗauko reshe ko ido daga macen da aka sani, a haɗa shi da jikin ɗan dashen da aka tsirar daga ƙwallo. Saiwa ta ɗan dashen ce, ko namiji ne ko mace ba ruwanka. Abin da ya tashi daga mahaɗar zuwa sama kuwa jikin uwar nan ne sak, da jinsinta da halinta. Itacen aure yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu.

Amma fa aure ba ya gyara iri, kwafinsa kawai yake yi. In ka ɗauko daga raggon itace, ka cika gonarka da ragwaye. Don haka zaɓen uwa ya fi aikin wuƙa muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi gaggawa.

Uwar da za a zaɓa ta zama babba, wadda ta kai shekara goma sha biyar ko fiye, domin sai wajen nan itacen ƙwallo yake cika ƙarfinsa. Kada a yanke mata hukunci da amfanin shekara ɗaya. A ƙirga 'ya'yanta shekara uku a jere, a rubuta a littafi. Itace na kirki yakan ba da dubu ɗaya zuwa dubu biyu a shekara, fitattu suna wuce haka nesa. Bayan ƙirga sai awo, gama ɗan kasuwa nauyi yake saya. A shanya ƙwallaye ɗari, a auna, a shanya jar rigarsu dabam, ita ma a auna. A Giranada da yawan ƙwayar da ke cika laba ɗaya ake rarraba daraja, akwai ta 60 zuwa 65, akwai ta 80, akwai ta 110, kuma mai ƙarancin lamba ita ce mai tsada, don ita ce manya. Jar riga kuwa ana son mai kauri, wadda ta rufe ƙwallo sosai, wadda za a iya zare ta ɗungum ba ta kakkarye ba. Wadda ta fita ɗungum kuɗinta dabam ne da gutsattsari. Sai kuma a duba lafiyar itacen. Wanda 'ya'yansa ke tsagewa tun ba su nuna ba, ko suke ruɓewa suna zuba da damina, a bar shi ko da yana da yawa.

Ga wata dabara da nake so a riƙe. A dubi inda itacen yake tsaye. Sau da yawa itacen da ake yabo a ƙauye a bakin rijiya yake, ko kusa da turken shanu, yana shan ruwa yana cin taki kullum. Wannan alherin wuri ne, ba zai bi reshe zuwa gonarka ba. Wanda ya fi maƙwabtansa alhali ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, shi ne abin nema.

Wanda ba shi da halin jiran shekara uku yana iya sayen irin da aka riga aka gwada. Ma'aikatar binciken kayan yaji ta Indiya da ke birnin Kozhikode ta fitar da wani iri mai suna Viswashree, mai yawan 'ya'ya, da wani mai suna Keralashree, mai manyan ƙwaya da jar riga mai kauri. Shi na biyun a gonar wani manomi aka tace shi, da hannun manomin a cikin aikin. A yankin Konkan, arewa da Kerala, akwai Konkan Sugandha, wanda yake da furen namiji da na mace a itace ɗaya. Ban da waɗannan, manoman Kerala da yawa sun zaɓi nasu, suna sayar da dashensu da sunan gidansu. Waɗansu na ƙwarai ne, waɗansu suna ne kawai. Shawarata ga mai saye a ko'ina ita ce ya je ya ga uwar da idonsa lokacin da take ɗauke da 'ya'ya, ya kuma duba tabon mahaɗa a jikin kowane dashe, don akwai masu sayar da ɗan ƙwallo da sunan ɗan aure. Kada kuma a cika gona da iri ɗaya tak. Biyu ko uku sun fi, saboda in ciwo ya kama ɗaya sauran su tsira.

Yanzu sai reno. Ana tsince manyan ƙwallaye daga 'ya'yan da suka tsage da kansu a kan itace, a cire jar rigar, a shuka su nan da nan da ɓawonsu, a cikin yashi mai laima a inuwa, zurfin kamar inci ɗaya. In aka bar su suka bushe ko na 'yan kwanaki ne, sun mutu. Tsirowarsu da nawa take, wata ɗaya zuwa uku. Da sun fito sai a mai da su cikin jakar leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a hankali, kada ƙwallon ya rabu da tsiron, domin daga gare shi yake ci.

Hanyar aure ta fari ana yinta ne tun tsiron yana jariri, yana da kamar kwana 20, ganyensa na fari ya fara buɗewa. A zaɓi masu kauri, waɗanda suka kusa kaurin fensir. A yanke kan tsiron, a bar kamar inci biyu ko uku, a tsaga shi ta tsakiya zurfin inci ɗaya da rabi. A kawo ɗan reshe daga uwa mai ganye biyu ko uku, kaurinsa daidai da na tsiron, a fiƙe gindinsa ta gefe biyu kamar bakin gatari, a cusa a tsagar. Abin lura shi ne ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne, gama a ƙarƙashin ɓawo ne ɗanyen naman da ke haɗewa yake. A ɗaure da zaren leda tamau, a kifa wata jakar leda a kai don laima ta zauna, a ajiye a inuwa mai sanyi. Wuƙa ta zama mai kaifi ƙwarai, mai tsabta, kuma hannu ya yi sauri, don itacen yana fid da wani jan ruwa inda aka yanka, in ya daskare a fuskar yankan haɗuwa takan yi wuya. Reshen da aka yanko da safe a yi aiki da shi a ranar.

Bayan wata ɗaya a cire jakar da aka kifa. Wanda ya kama za a ga ganyensa kore, yana toho. Bayan wata uku a kwance ɗaurin, in ba haka ba ya shaƙe itacen. Duk tohon da ya fito a ƙasa da mahaɗa a murje shi da yatsa, don na gindi ne, in aka bar shi zai rinjayi baƙon, a koma gidan jiya. Sai dashe ya shekara a wurin reno kāna a kai shi gona.

Akwai wani sirri a nan wanda ya ba mutane da yawa kunya. Itacen gyaɗar ƙamshi yana da reshe iri biyu. Akwai mai miƙewa sama, watau kan itacen da 'yan tohon da ke bin sa tsaye. Akwai kuma na gefe, masu fita hawa hawa kewaye da gangar jiki kamar haƙarƙarin laima. Kowanne yana riƙe halinsa ko bayan an yi aure da shi. In ka ɗauko na gefe, dashenka zai yi ta tafiya gefe, ya zama gajere mai baje rassa a ƙasa, sai an kafa masa sanda ana ɗaure shi shekara da shekaru. Yana 'ya'ya da wuri, tsinkarsu kuma da sauƙi, ana iya dasa shi kusa kusa, kamar ƙafa 16. Amma ba ya zama babban itace. In ka ɗauko mai miƙewa, sai ka sami itace sosai mai siffar uwarsa, wanda jikoki za su ci. Wahalar ita ce masu miƙewa kaɗan ne a jikin kowace uwa, shi ya sa dashensu ya fi tsada. Masu reno sukan yanke kan uwar don ta fid da sababbin toho masu miƙewa da yawa. Ni dai a ganina mai ƙaramar gona da ke da kwakwa a sama, ya sa mafi yawa masu miƙewa, ya cike gefen gona da na gefe don ya fara samun kuɗi da wuri.

Hanya ta biyu ita ce auren ido, kuma manoman Kerala suna yinta ƙwarai, saboda reshe ɗaya mai miƙewa yana da ido da yawa, kowane ido kuwa itace ne. Ana barin ɗan dashe ya yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye, a wurin reno ko a gona inda zai zauna. A yanke ɓawo mai kusurwa huɗu daga jikinsa, a yanko wani daidai da shi mai ido ɗaya daga reshen uwa, a liƙa a gurbin, a naɗe da leda. Da damina ake yi, sa'ad da ɓawo ke saɓulewa da sauƙi. Bayan kamar wata ɗaya a kwance a duba. In facin yana nan ɗanye, ya kama, sai a rage kan dashen daga sama da shi don ƙarfin itacen ya koma ga idon.

To, wanda ya riga ya yi shekara bakwai ya tarar da maza cike da gona fa? Kada ya tumɓuke su. Saiwar shekara bakwai dukiya ce. Ana sare namijin gab da faɗuwar damina, a shafe kan kututturen da maganin hana ruɓa, a yi masa inuwa, a riƙa ba shi ruwa. Cikin wata biyu zai fid da toho masu miƙewa. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a yi musu aure da reshe ko idon mace, in sun kama a bar ɗaya ko biyu. Da yake saiwar babba ce, girmansa da sauri yake. Amma kada zafin zuciya ya sa a juye su duka. A bar namiji ɗaya ga kowace mace goma, a warwatse cikin gona, ba a taru a kusurwa ɗaya ba. Mai itace biyar ko shida, wanda ba shi da wurin ɓatawa, yana iya aura reshen namiji ɗaya a jikin mace, ya wadatar.

Wajen dasawa, a haƙa rami ƙafa biyu da rabi ta kowace fuska, a cika da ƙasar sama da taki, a dasa da farkon damina. Mahaɗa ta zauna a sama da ƙasa, kada a binne ta. A yi wa dashe rumfa ko a dasa ayaba kusa da shi, don rana tana ƙona shi yana ƙarami. Saiwar itacen nan a sama sama take, saboda haka ba a yi masa noma mai zurfi a gindi, sai dai a lulluɓe da busasshen ganye. Wannan saiwa ita ce rauninsa. Ba ya jure fari, ba ya jure ruwa ya kwanta masa, ba ya jure guguwa. Ambaliyar da aka yi a Kerala a 2018 ta kashe itatuwa masu yawa a gonakin bakin kogi. A Giranada guguwar Janet ta 1955 ta kwantar da mafi yawan itatuwan tsibirin, guguwar Ivan ta 2004 ta sake yin haka, har ta fi. Bayan irin wannan masifa ne ake sanin darajar uwa zaɓaɓɓiya, domin wanda zai sake dasa gona daga ƙwallo sai ya sake zaman shekara bakwai bai san abin da zai samu ba.

Daga fure zuwa nuna wata tara ne, kuma a Kerala kakar tana ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, tsakiyar ruwa ke nan. A tsinke ɗa da ya tsage, ko a tsince wanda ya faɗo a ranar. Wanda ya kwana biyu a ƙasa mai laima yakan yi hunhuna, hunhunar kuwa tana da dafin da ke lalata hanta, saboda shi ne ƙasashen Turai sukan mai da kaya. A zare jar riga a shanya ta dabam, a shanya ƙwallo a hankali da ɓawonsa har sai an girgiza an ji ƙwaya tana kaɗawa a ciki, sa'an nan a fasa.

Abokina ɗan kasuwa kuwa, ga abin da zai duba in an kawo masa buhu. Ƙwaya ta ƙwarai tana da nauyi a hannu, ba ta da ƙofar ƙwaro, in an soka mata allura sai ɗan mai ya fito. A Giranada a ruwa ake zuba su, mai kyau ta nutse, maras kyau ta taso. Ya ɗebi goma daga tsakiyar buhu ya gwada, ya kuma fasa biyu ya dubi cikinsu kafin ya biya.